A Yi Mini Irinta Sak

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku juyo nan. Tun ranar da lekol ta turo ku koyon aiki a shagon nan nake jin abin da kuke cewa in na ba da baya: wai aikin ajiya ba aiki ba ne, ka danna nan, ka danna can, haske ya yi kore, ka hau moto ka tafi shan shayi. To madalla! Ni Habu a cikin kabul da diski na yi furfura, kuma koren nan da kuke wa murna, ni tsoronsa nake ji fiye da ja. Ja dai ya fito ya gaya maka akwai matsala. Ku zauna in ba ku labarin abin da kore ya yi wa wani dattijo a kan idona.

Bari in fara da abin da ya kamata a ce kun sani. A gidan da ake ajiya akwai babbar na'ura guda, serba, ita ce rumbun gidan. Kowace ordinata kuma, wato kwamfuta, an sa mata wani ɗan ƙaramin lojisiyel da ake kira kiliyan. Aikinsa ya je ya ƙwanƙwasa wa serba, ya faɗi sunansa, ya nuna hatimin da aka ba shi ranar da aka girka shi, sannan ya miƙa kwafin duk abin da aka yi a wannan ordinatar. In serba ta karɓa, rahoto ya fito kore. In ba su haɗu ba, ya fito ja. Sana'ata duka a tsakanin ƙwanƙwasawar nan da buɗe ƙofa take, domin abin da zai hana su haɗuwa a garin nan ba ya ƙirguwa.

Ni ba a lekol na koya ba. A wani siber na unguwar Dar es Salam nan Yamai na fara, lokacin da mutane ke layi don su aika saƙo ɗaya, a hannun Malam Isufu, Allah ya jiƙansa. Tsohon ma'aikacin wayar tarho ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan harara. Na yi wata da watanni bai bar ni na taɓa allo ba. Sai dai ya zube mini kabul a gaba, ya ba ni abin matse kai, in jera siraran wayoyin nan bisa launinsu in matse. In na gama ya sa a ɗan akwatin gwaji mai fitilu. Fitila ɗaya ta yi jinkirin kamawa, ya sa almakashi ya datse kan, ya jefo mini. Ran da na yi fushi na ce, "Patoro, ai yana aiki," sai ya ce, "Yau yana aiki. Wanda ya kira ka ba don yau ya kira ka ba."

Shi ya koya mini a fara daga ƙasa. Ka duba kuran tukuna, akwai wuta ko babu. Ka bi kabul da hannunka har inda ya ƙare, ko da zai kai ka bayan kabad cikin kashin ɓera. Sannan ka duba adireshin na'ura a rezo, layin da ya haɗa na'urorin gidan, ka duba agogonta, sai a ƙarshe ka zargi lojisiyel. Ku kuwa da kun ga ja sai ku cire ku sake girkawa, ku ce an gama. Kayan aikina har yau ga su nan cikin jakar can: akwatin gwajin Malam Isufu, turnabis na kwance noti, burushin fenti na share fanka, da kabul dogo guda wanda na tabbata lafiyarsa lau, ba na ara wa kowa shi, ko ɗan'uwana.

Akwai wani kantin magani da ordinatar kanta ke yin ja kowace safiya, in rana ta yi ta koma kore. Na canja kabul, na canja adireshi, abu ya ƙi. Sai da na yi sammako na zauna a kujera kamar mai jiran magani, na ga mai shara ya shigo, ya zare filogin akwatin da ke raba rezo, ya sa na butarsa ta shayi. Bai san ya yi laifi ba, rami dai ya gani a bango. A wani biro kuma, duk lokacin da aka ɗauke kuran aka maido, ordinatar akanta sai ta ƙi haɗuwa. Ɗan batirin agogon da ke cikinta ne ya mutu, sai ta farka tana zaton ana shekarun baya, serba ta dubi hatiminta ta ce wannan ai lokacinsa bai zo ba. Batirin bai fi maɓallin riga girma ba, amma ya kusa sa a kori akantan. Irin waɗannan su ne masu daɗi, waɗanda ake ba da labarinsu ana dariya.

Wanda ba na dariya shi ne na wani ɗan gidan rediyo mai zaman kansa a unguwar Banifandu. Ni na girka musu ajiya. Serbarsu ƙarama ce, a wani ɗan ɗaki cikin biron direkta, shi kaɗai ke da makulli. Saboda ƙanƙantarta na tsara ta yadda ake tsara irinta: abin da aka share daga ordinata, ita ma ta riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ta share don ta samu wuri. Rahoto kuma kullum ya zo wayata da ta direkta, suna da launi kawai, kore ko ja. Ma'aikatan ba su da yawa. Wadda ke rigan kowa zuwa ita ce sakatare, Madam Hadiza, domin sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure sai ta buga su kafin labaran safe.

A can ƙuryar gidan akwai Malam Sumaila, mutumin Dogon Dutsi, dattijo mai sanyin murya. Ya yi shekaru yana yawo da rakoda a cikin Yamai yana hira da tsofaffin da suka zo cin rani suka zauna: direbobi, teloli, mahauta, masu kwalekwale, unguwar zoma. Yawancinsu sun rasu. Muryoyinsu na cikin kaset, kaset kuma na cikin wani ɗaki da zafi da gara suka fara ci. Aikinsa a lokacin shi ne ya juye su cikin ordinata ɗaya bayan ɗaya. Zaren ya riga ya manne, wani kaset ɗin sau ɗaya za a ji shi ya tsinke. Wanda aka gama juyewa kuwa sai a zuba a buhu a fitar, don direkta na son ɗakin ya sa batura. Na taɓa ce wa Malam, "Baba, da an bar su ko a lalace." Ya ce, "Habu, ba ni da iko da ɗakin. Ai kai ne ɗakina yanzu." Sunan ordinatarsa a serba shi ne sunansa, Sumaila.

Sai shekarar wahala ta zo. Kun san ta, ko da kuna ƙanana: shekarar da kuran ya zama baƙo a garin nan, a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. A ɗauke da hantsi, a maido da la'asar, a sake ɗaukewa. Baturan ondila, akwatin da ke riƙe wa ordinata wuta in an ɗauke, suka kumbura a kowane biro. Aiki ya tsaya, masu kwantaragi da ni suka yi ta sallama ta, har diskin da nake yawo da shi na ko-ta-kwana ya mutu a jaka. Direktan gidan rediyon, bawan Allah, kullum yana waje yana neman gazuwal ɗin gurup, injin ba da wuta, don kada tasha ta yi shiru. Kada ku ɗauka mugu ne, mutum ne da abubuwa suka yi wa yawa.

Bayan Babbar Salla, da Malam Sumaila ya dawo daga gida, ya kira ni. Ya ce, "Habu, wani ɗan rubutu na fitowa a gefen allo, wai serba ta ƙi karɓata." Na dubi wayata, Sumaila kore. Na ce, "Baba, ga shi nan ajiyar safe ta shiga." Ya ce, "To ni dai abin da na gani ke nan." Washegari ya sake kira. Jibi ma haka. Allonsa na cewa an ƙi shi, rahoto na cewa an karɓe shi, kuma dukansu ba sa wasa.

Malam ba ya yarda a taɓa masa na'ura ranar aiki, yana tsere da kaset ɗin nan kafin su ƙarasa lalacewa. Asabar kaɗai yake ba ni, ranar da gidan ba kowa sai mai gadi da wanda ke studiyo, biron direkta a kulle, na sakatare a kulle. In na zo na kunna, sai kiliyan ya haɗu nan take, lafiya lau, kamar yana mini ba'a. Malam ya riƙe baki ya ce, "Wallahi jiya ƙi ya yi." Na ce na yarda. Na bi kabul har rufi, na samu inda zafi ya gasa shi, na canja. Litinin ya kira, abin ya dawo. Asabar ta gaba na kafe wa na'urar adireshi guda don kada ɗauke kuran ya riƙa canja mata. Ya dawo. Na canja batirin agogo, na duba ko maganin birus ne ke tare hanya, na sa dogon kabul ɗina da ba na ara wa kowa. Duk ranar aiki sai an ƙi shi, duk Asabar sai an karɓe shi.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. In ta haɗu ranar Asabar, sai in ga tana aika kaya masu yawan gaske, kamar ba ta taɓa ajiya ba, ta faro daga farko. Sauti kuwa nauyi gare shi. Kafin ta kai ko'ina an ɗauke kuran, ondila ba batir, komai ya mutu, ajiyar da ba ta kammala ba kuma serba ba ta ƙirga ta. Na'urar da ake mata ajiya kullum bai kamata ta yi haka ba. Na tare direkta a bakin ƙofa yana hawa mota, na ce, "Direkta, ina son makullin ɗakin serba. Ina son in buɗe ajiyar Malam in ji da kunnena abin da ke ciki."

Ya zaro waya ya nuna mini. "Habu, dubi. Kore, kore, kore. Ni da nake fama da gurup, za ka ƙara mini da abin da ke lafiya?"

"Kore ba ya nuna abin da ke ciki, ranka ya daɗe."

"Tsoho ne kawai da tsoro. Ka zo ranar da nake nan."

Ranar da yake nan, ni ina wani gida da wuta ta ci. Ranar da na zo, shi yana layin gazuwal. Na ce to a samo wani diski daban a juye aikin Malam a ajiye a gefe. Ya ce in Allah ya kai mu damina, abubuwa suka lafa. Haka muka yi ta zagaya juna, ni kuwa raina a ɓace, don na san akwai abin da ba daidai ba, kuma yana bayan ƙofar da ba ni da makullinta.

A cikin wannan ne maganar Hajiya Rakiya ta shigo. Mai sayar da atamfa ce a Babbar Kasuwa, mace mai jama'a. Mahaifinta, Alhaji Ɗan Tani, tsohon direban babbar mota ne, ya rasu tana ƙarama ƙwarai. Tana da hotonsa guda, amma ba ta tuna muryarsa. Wani ya gaya mata Malam Sumaila ya taɓa hira da shi, tun lokacin take zuwa tana tambaya, shi kuma yana cewa ta yi haƙuri, kaset ɗin ba suna a jiki, sai an kai kansa. Wata Asabar ina durƙushe ƙarƙashin tebur ina fama da kabul, sai na ji Malam ya ce, "Allahu akbar! Habu, fito ka ji." Wata murya ce ke fitowa cikin shuuu na tsohon zare, mutum yana ba da labarin hanyar Ƙonni zuwa Yamai tun tana jar ƙasa, yadda suke kwana a daji in mota ta kafe. Muka saurara har ƙarshe. Yana kai ƙarshe zaren ya tsinke, amma ya riga ya shiga ordinata.

Nan take Malam ya kira ta. Tana Lome sarin kaya. Ina jin ihunta daga inda nake. Ta ce, "Malam, don Allah sa mini a waya in ji ko kaɗan!" Ya ce, "A'a, Hajiya. Ba za ki fara jin mahaifinki cikin ƙarar waya da shuuu ba. Bari in wanke sautin ya fito tas, ki dawo ki zauna ki ji shi kamar yana gabanki." Ta ce to, za ta zo da kile sabo, ɗan abin nan da ake sokawa a ordinata a ɗauki kwafi. Shi dai alheri ya nufa. Mutum ne mai son aikinsa ya fita da kyau.

Ranar wata Talata da azahar aka maido kuran da ƙarfin da ya wuce kima. A unguwar mutane sun yi asarar firiji da talabijin. Malam ya kira ni, ya ce ya ji ƙara fat, ga wari. Na zo na kwance na'urar a kan teburinsa. Tun kafin in cire murfi na ji ƙaurin. Diskin ya ƙone a ƙasa, baƙi ƙirin. Na samo irin ɗan allon lantarkin da ke ƙasansa a kayana na sa masa, ya juya, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san wannan ƙarar, babu abin da ke bayanta.

Ranar direkta na nan. Ya dafa kafaɗar Malam ya ce, "Kala suru, sai haƙuri, Malam, ai don irin wannan ranar muka yi ajiya." Ya zaro makulli ya buɗe ɗakin da na yi ta roƙo. Na zauna gaban serba na kunna allo. Ga jerin sunaye, ga Sumaila. A gabansa an rubuta: a haɗe yake yanzu. Haske kore shar.

Na fita na leƙa ɗakin Malam. Ga na'urar Malam can a kan tebur, cikinta a buɗe, diskinta a cire, ko filogi babu. Na dawo na sake duba allo. A haɗe yake yanzu. Na buɗe ajiyar. Abin da na fara gani sanarwar rasuwa ce. Na gangara: ɗaurin aure, ɓatan katin shaida, taron ƴan unguwa, wata rasuwar. Na koma kwanakin baya, na koma har inda ajiyar ta tsaya. Takardu ne zalla. Ko sauti ɗaya babu.

Na tashi na bi gidan ɗaki ɗaki. A biron gaba na samu Madam Hadiza tana bugu a wata ordinata da ban taɓa gani ba, ba kabul a jikinta, ta iska take kama rezo. Na ce, "Madam, don Allah kashe na'urar nan." Ta ce, "Ina cikin aiki fa." Na ce, "Kashe dai." Ta kashe. Daga can ciki na ji direkta ya ɗaga murya, "Habu! Ya yi ja!"

Na dawo na ce, "Ranka ya daɗe, ordinatar Madam daga ina ta fito?"

Ya ce, "Tata ce ta mutu gab da Salla. Malam ya tafi gida, tasa na zaune. Ita ce mafi lafiya a gidan nan, komai na ciki. Sai na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara a bakin Babbar Kasuwa, na sayi ta hannu, na ce a yi mini irinta sak. Kafin Malam ya dawo na maido masa tasa, ko ƙwarzane babu. Me ya faru?"

Kun ji. Yadda mutum ke ɗaukar rigar da ta yi masa kyau ya kai wa tela ya ce a ɗinka irinta, haka ya yi. Kuma haka ake yi a garin nan kullum, har yau, don ba mai son zaman girka lojisiyel ɗaya bayan ɗaya da rezon da muke da shi. Mai gyaran ma bai ci amana ba, abin da aka ce ya yi. Ya juye diskin gaba ɗaya, ya share sautukan daga sabuwar don ba za ta ɗauka ba, ya miƙa. Amma a cikin abin da ya juye har da kiliyan, da sunansa, da hatiminsa. Gidan ya wayi gari da Sumaila biyu. Madam Hadiza ke rigan kowa zuwa, tata ke fara ƙwanƙwasawa, serba ta buɗe mata. In Malam ya zo ya kunna, serba ta ce Sumaila ai yana ciki, ta ƙi shi. Ranar Asabar Madam ba ta zuwa, shi ya sa ban taɓa ganin abin da idona ba. Serba kuma ta ga sautukan sun ɓace daga Sumailan da take gani, ta riƙe su na lokacin da aka ce mata, sannan ta share. Tsofaffin da suka shiga tun kafin Salla ma sun tafi, takardun Madam da ajiyar sauran na'urori sun hau wurinsu.

Direkta ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da babbar rigarsa. Madam Hadiza ta fashe da kuka tana cewa ita ba ta sani ba, kuma gaskiyarta. Malam Sumaila bai yi faɗa da kowa ba. Ya ce, "Habu, wato rubutun nan da nake gani gaskiya yake faɗa." Na ce, "Gaskiya yake faɗa, Baba." Na ji zafin abin ƙwarai, har yau ina ji.

Mun nemi buhunan kaset. Mai gadi ya ce masu lambu da masu shinkafa na bakin kogi ne ke zuwa suna kwasa. Na ɗauki Malam a moto muka je. Tun daga nesa muka hango su: an zare zaren an ɗaure daga sanda zuwa sanda a kan gonakin, yana ƙyalli a rana yana kaɗawa, don korar tsuntsaye. Gona bayan gona. Malam ya sauka, ya kama wani ya duba, rana ta riga ta cinye shi, baƙin ya goge a yatsunsa. Wani manomi ya gaishe mu ya tambaya ko lafiya. Malam ya ce lafiya lau, ya yi masa fatan albarka, muka juyo.

Shi ya sa a shagon nan nake muku abin da kuke kira fitina. Ba a ce ajiya ta yi sai an ɗauko abu daga cikinta an buɗe, mai shi ya gani ya ce nasa ne. Ba na karɓar gidan da za a kulle mini serba. In na shiga biro sai na zaga na san kowace na'ura da inda ta fito, ko ta mai shara ce. In mutum ya ce allonsa na cewa an ƙi shi, ku je ranar da yake aiki, a lokacin da yake aiki, ku tsaya a bayansa. Kuna ganin ɓata lokaci ne, ku yi ta gani.

Hajiya Rakiya ta dawo daga Lome bayan ƴan kwanaki. Ina gidan ranar, ina raba wa na'urorin suna. Ta shigo da fara'a, ta sha ado kamar mai zuwa biki, ɗiyarta na biye da kwanon abinci da turmin atamfa na iyalin Malam. Ta ajiye kile sabo a kan tebur, ko fitar da shi daga kwalinsa ba a yi ba. Ta ce, "Malam, ga ni. Jiya ko barci ban yi ba."

Malam ya sa aka ba ta kujera. Bai yi kwana-kwana ba, ya gaya mata abin da ya faru. Ta kalli teburin da ba na'ura a kai. Can ta ce, "Amma kai ka ji shi."

"Na ji shi, Hajiya. Ni da Habu."

"To me ya ce?"

Malam ya rufe ido ya fara. Wallahi bai bar komai ba. Hanyar jar ƙasa, kwana a daji, yadda ya shigo Yamai da tabarma ɗaya, sunan maigidansa na farko. Ya ce a ƙarshen hirar an tambaye shi ko zai bar tuƙi, sai ya yi dariya ya ce yana so, domin yana da ƴar ƙaramar ɗiya, Rakiya, wadda ba ta yarda ta yi barci sai ta ji motarsa ta tsaya a ƙofar gida.

Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta ɗago sai ta ce, "Na gode, Malam. Allah ya saka. Amma muryar tasa, yaya take? Babba ce ko ƙarama? Dariyar fa?"

Malam ya buɗe baki zai gwada mata. Ya gyara murya, ya fara kalma ɗaya, ya ji ba ita ba ce, ya rufe bakin. Ya juyo ya dube ni. Ni ma na ji ta, da kunnena, ina durƙushe a ƙarƙashin teburin nan, amma na lalubi kaina ban same ta ba.

Ta jira mu ɗan lokaci. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki kilenta, ta sa a jaka, ta ce wa ɗiyarta ta bar musu abincin.